Kwaɗon da Na Rufe, Ni Na Buɗe

Duk tsufan nan nawa ban manta ranar da na tsaya gaban alƙali ba, ni Buba, masinja mai daraja ta ɗaya a ofishin kula da farashi. Ta ɗaya daga ƙasa. Aji huɗu na yi, na biyar kuwa na leƙa ta taga.

Zamanin kuɗin fetur ne. Aikinmu hana 'yan kasuwa haɗa baki su matse masu saye. Wanda aka kama a garƙame masa shago, in bai yarda ba ya je kotu ta duba hukuncinmu.

Aka kawo mana sabon sufeto daga jami'a. Kwana uku yana laɓe a kasuwa da sassafe, ya ga Alhaji Bappa na unguwar Jekadafari yana tura masu sayen fulawa shagon maƙwabcinsa Yakubu, mutumin Kaltungo.

Sufeto ya ce, "Sun raba masu saye tsakaninsu! Buba, ɗauko kwaɗo."

"Yallaɓai, ai..."

"Kai masinja ne ko lauya?"

Na garƙame shagunan duka biyun. Mako biyu fulawa na ciki, ƙwari na walima. Suka kai ƙara, aka kira ni shaida. Sufeto na hararata, na san aikina na rawa.

Alƙali ya ce, "Kafin ku rufe, kun tambaye su?"

"Ranka ya daɗe, kwaɗo kawai muka je da shi."

"Me ya sa Alhaji ke tura mutane?"

Na ce a kasuwarmu wanda ya yi cinikin farko, in maƙwabcinsa bai yi ba, sai ya tura masa mai saye na gaba. Da zarar ya samu, shi ke nan, a koma ƙwace wa juna masu saye.

"Me ya hana ka gaya wa sufeto?"

"An ce ni ba lauya ba ne."

Alƙali ya soke hukuncin. Ya ce ofis na da ikon rufewa, amma sai ya saurara tukuna. Ni na je na buɗe. Ba a kore ni ba, wa zai kori wanda alƙali ya rubuta sunansa?

Yara, ku riƙe wannan: ku tambaya kafin ku ɗauko kwaɗo, don sama da ku akwai mai tambaya.

Bayan wata guda sufeto ya je sayen fulawa wurin Alhaji Bappa. Alhaji ya ce, "Yallaɓai, ni na yi ciniki. Ga Yakubu can."

Ya tafi kuwa.