Ƙwan da Kawu Bai Ci Ba

Kawuna magini ne, kuma tun ina yarinya abu biyu na san shi da su: bangon da ya ja ba ya karkacewa, maganar da ya faɗa ba a neman shaida a kanta. Abokan aikinsa Igiya suke ce masa, wato igiyar da magina ke ja don bango ya miƙe. In mai gini ya kawo bulo marar ƙwari, a gabansa Kawu zai murƙushe ɗaya da hannu, ya ce ba zai ɗora wannan a kan 'ya'yan mutane ba. Ya sha rasa aiki saboda haka, bai kuma daina ba.

Bayan rasuwar matarsa ya koma gidan babban ɗansa, wanda muke kira Manaja tun yana firamare saboda son ba da umarni. A nan ne hannuwan Kawu suka fara lalacewa. Fatar ta yi ja, ta bushe, ta tsattsage a gaɓoɓin yatsu, ga ƙaiƙayin da ke sa dattijo goga hannu a gefen kujera. Manaja bai kai shi wurin likita ba. Wani ɗakin gwaje-gwaje ya kai shi, a saman bene, aka ɗebi jini aka ce za a gano duk abin da jikinsa ba ya so. Sakamako ya fito da jan layi a kan ƙwai da madara da gyaɗa. Babu wanda ya tambayi Kawu sana'arsa, balle a ce ya buɗe tafin hannu a gani.

Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne, tun kafin a haifi Manaja mutumin nan da soyayyen ƙwai da shayi mai madara yake karyawa, ko atishawa bai taɓa yi ba. Na faɗa. Manaja ya dube ni ya ce, "Ke kin fi na'ura sani ne?" Shi kansa Kawun cewa ya yi, "Bar su, 'yar nan. Su suka ga jinin, ni ban gani ba." Ya ce ya bar ƙwai da madara da gyaɗa, kuma ya bar su.

Sai aka yi rashin sa'a, mai ginin da Kawu ke yi wa aiki ya yi tafiya, aiki ya tsaya. Hannuwa suka warke sumul. Manaja ya cika dangi da waya, kowa sai ya ji yadda ya gano ciwon mahaifinsa. Da mai gini ya dawo Kawu ya koma kan siminti, hannuwa suka sake fashewa, har suka fi na da. A gidan nan kaf babu wanda ya haɗa wannan da wancan, har da ni. Abin da Manaja da matarsa suka haɗa daban ne: wai tsohon yana ci a ɓoye.

Matar Manaja ta fara shinshina kofinsa. Tana zazzage aljihun kayan aikinsa ko za ta ga ɓawon gyaɗa.

"Baba, tsakaninka da Allah ba ka taɓa komai a waje?"

"Na ce miki ban ci ba."

"To ai jiki ba ya ƙarya, Baba."

Abin da ya fi wannan muni, Manaja ya tuƙa mota har bakin ginin, ya tsaya gaban mai sayar wa leburori abinci, ya ce daga yau kada ta sake soya wa babansa ƙwai. Matar ta rantse ba ta soya ba. Leburori suna ji, yaran da Kawu ya koya wa riƙon cokalin gini suna ji. Daga ranar, in ya wuce sai wani ya ce, "Igiya, a sa ƙwai biyu ko uku?" a kwashe da dariya. Mutumin da ba a neman shaida a kan maganarsa ya zama tsoho mai satar ƙwai. Ya daina zama a falo, ya koma cin abinci a ɗakinsa.

Ni na ja shi zuwa wurin likitar fata, ba don na gano komai ba, haushi ne kawai ya ishe ni. Ta juya hannuwan ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Ya ce gini. Ta duba sakamakon gwajin jinin ta ajiye. Ta ce gwajin jinin nan yana iya nuna cewa jini ya san abu, alhali mutum yana cin abin lafiya lau; shi ya sa ba a karanta shi sai an ji labarin mai jinin. Ciwon da taɓa abu ke jawowa kuwa, da wani gwajin ake neman sa. Ta manna masa filasta a baya, ɗauke da ɗigon abubuwa iri-iri, ta ce kada ruwa ya taɓa. Da muka koma aka ɓare, wuri ɗaya ne ya yi ja ya tasa, na wani sinadari da ke cikin siminti. Ta ce ya ci ƙwansa, amma ɗanyen siminti kada ya sake taɓa fatarsa.

Na ɗauka za a ba shi haƙuri. Manaja cewa ya yi, "To ai ba laifina ba ne, gwaji ne ya faɗa." Bai kuma koma bakin ginin ya warware abin da ya ƙulla ba.

Washegari da safe matarsa ta soya ƙwai, ta haɗa shayi mai kauri, ta kai wa Kawu ɗaki tana murmushi kamar ba a yi komai ba. Ina zaune a wurin. Ya dubi farantin, bai miƙa hannu ba.

"Ɗauki ki kai falo," ya ce. "Ki kira mijinki ya zo ya zauna. A gabansa zan ci, kada gobe a ce a ɓoye na ci."