Biro a Baki

Saboda ni aka kafa dokar biron, kuma da can har alfahari nake yi da hakan. Muna haɗuwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata a wani lambun shaƙatawa da ke Wuse a Abuja, mu marubuta da masu waƙe da masu ganin kansu marubuta, wajen mutum ashirin in ruwan sama bai hana ba. Daga bakin ƙofa masu gashin kifi ne da 'yan kallon ƙwallo, mu kuma muna can ƙurya ƙarƙashin mangwaro a kan fararen kujerun roba. Mutum ya karanta abin da ya rubuta, sauran su feɗe shi. To ni ba a feɗe ni in yi shiru. Wata rana wani ya ce labarina ya yi masa kama da takardar neman ƙarin girma a ofis, na bi shi da zagi har bakin motarsa. A wannan ranar Hajiya, shugabarmu, tsohuwar darakta ce da ta yi ritaya amma muryar ofis ba ta sake ta ba, ta yanke hukunci. Duk wanda ya gama karatu zai koma kujerar tsakiya, ya sa bironsa a baki a gicciye ya cije, ba zai cire ba sai kowa ya faɗi nasa. Wanda ya cire kafin lokaci, aikinsa ba zai shiga littafin da muke haɗawa a ƙarshen shekara ba.

Dokar ta yi aiki. Sai ka ga babban mutum mai direba da ofis mai sanyi zaune da biro a baki, yawu na neman zubo masa, ana gaya masa waƙarsa ba ta da kai ba ta da gindi. Ni kuwa shekara biyu a jere ana fitar da littafin ba ni a ciki, domin ban taɓa kai ƙarshe da biron ba. A shekara ta uku na rantse ko uwata aka zaga sai na jure.

Akwai wani dattijo mai wankin hula a gefen kasuwar Wuse wanda nake kai wa hulunana. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Oga, duk da na hana shi har na gaji. Mutumin kudancin Borno ne, yana zaune da matarsa a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro, kullum da safe ya shigo gari da jakarsa. Hausarsa irin ta wanda ya koya da girma ce, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, amma in ya fara labari yana goga hula da buroshi ba ka son ya daina. Labaran farauta, labarin wani surukinsa marowaci da ya ɓoye nama a hula har kare ya bi shi masallaci. Sau da yawa na makara komawa ofis saboda shi.

Wata rana na gaya masa babban ɗana ya sami jami'a. Ya yi mini murna, ya tambayi shekarunsa, na ce sha tara. Sai ya ajiye buroshin. Ya ce nasa ma sha tara ne. Ya ce ranar da masu bindiga suka shigo garinsu suna gona shi da yaron, dawa ta yi tsawo ta fi mutum. Shi ya faɗa cikin dawar ya kwanta rub da ciki, yaron kuwa suka cim masa a bakin hanya. Tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Suka kwantar da yaron, suka ɗaure masa hannu ta baya, suka yanka shi. Kafin wuƙar ta kai, sau uku yaron ya kira shi. Bai tashi ba. Ya cusa bakinsa cikin ƙasa har suka tafi. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, matarsa ma ce mata ya yi yana can ƙarshen gonar bai ji komai ba.

Na yi masa ta'aziyya, na karɓi hulunana, na shiga tasi. Kafin mu kai sakatariya, inda ofishinmu yake, na riga na sami jimlar farko. Allah ya sani na ji tausayinsa, amma daɗin da na ji ya fi tausayin yawa, domin tunda nake rubutu ban taɓa samun labari irin wannan ba. Cikin kwana huɗu na gama. Na canza sunan garin, na mai da mai wankin hular manomi zalla, na ce a raina ai na rufa masa asiri. Ban tambaye shi ba. Abin da na yi ya ma fi haka muni: ranar da na kai masa wasu huluna biyu, gayyatarsa na yi. Hajiya ta daɗe tana cewa mu riƙa kawo masu ba da labari na gaske, ba mu 'yan boko kaɗai ba. Na ce masa taron masu labari ne, za a ba shi lemo, wataƙila ma a ce ya ba da na surukinsa. Shirina shi ne in an gama yabona in cire biron in nuna shi in ce ga mai labarin nan, kowa ya riƙe baki.

Ya zo da la'asar cikin rigarsa ta Juma'a, da jakar hulunan mutane a hannu, domin daga kasuwa ya wuto. Ya zauna a layin baya. Na karanta da Hausa, a hankali, ina jan murya inda ya kamata. Da na kai wajen kiran nan uku, wata 'yar Filato da ke aikin banki, mai rubuta waƙoƙi, ta sa gefen gyalenta ta share ido. Kaina ya kumbura. Na koma kujerar tsakiya na cije birona, sannan na dubi Baba. Kansa na ƙasa, hannayensa biyu sun danne jakar a cinyarsa. A nan na fara gane abin da na yi.

Mutum uku na farko sun yaba, ɗaya ya ce jinin ya yi yawa. Sai Dakta ya gyara zama. Malamin adabi ne a jami'a, kuma in faɗi gaskiya shi kaɗai ne a cikinmu ya san abin da yake yi, shi ya sa ba na ƙaunarsa. Ya ce harshen ya yi kyau, gonar ta fito, amma labarin ya rushe a wuri guda, wato uban. Ya ce marubucin da ke zaune a Abuja yana shan sanyi shi ne zai ƙirƙiri irin wannan uban.

"Babu uban da zai ji ɗansa na kiransa a ƙarƙashin wuƙa ya kwanta," in ji shi. "Ko kaza in ka taɓa ɗanta sai ta yi kanka. In kuwa akwai shi, to wannan ba uba ba ne. Ni da na karanta, shi na so a yanka, ba yaron ba."

Na ɗaga hannu ina kaɗawa, ina gurnani ta bayan biron. Aka fashe da dariya, wani ya ce ga shi nan ya fara, ciwonsa ya motsa. Hajiya ta ƙwanƙwasa tebur da zobenta, ta nuna ni da yatsa, ta ce in na kuskura na san sauran. Ba wanda ya ɗaure mini baki. Biro ne na naira kaɗan, tofarwa kawai zan yi in ce Dakta ya isa, mutumin yana nan zaune. Amma na tuna littafin, na tuna sunana a jerin farko, na ce a raina minti biyu ne ya rage, bari ya gama. Dakta kuwa da ya ga an yi dariya sai ya ƙara. Ya ce in ina son labarin ya tsaya da ƙafarsa, to uban ya rataye kansa a ƙarshe, domin mai irin wannan abin kunyar ba ya ci gaba da cin tuwo.

Ban ga tasowar Baba ba. Ƙarar na ji, kwalbar lemo a kan ƙashin goshi. Kwalbar ba ta fashe ba a bugun farko, a na biyu ta fashe. Dakta ya kife da kujerarsa, tabaransa ya yi gefe, jini ya rufe masa rabin fuska ya gangaro kan farar shaddarsa. Baba ya hau kansa ya shaƙe shi da hannu biyu yana buga ƙeyarsa da ƙasa, yana faɗin wani abu da yarensu, kalma ɗaya yake ta maimaitawa. Mata suka watse da ihu. Maza biyu suka ja shi, ya fizge, ya sake kai wa Dakta naushi a baki.

Ihun ne ya jawo 'yan kallon ƙwallo da masu gadi. Suka iso a guje ba su san kan zance ba, suka ga tsoho mai yaren gabas a kan mutum jina-jina, ga kuma jaka a ƙasa. Wani ya ce bam ne a jakar. Shi ke nan. Rabin mutanen suka tsere suna tattake juna, rabin suka rufe shi. Mai gadi ya sauke masa gora a gadon baya, wani ya kawo icen gashin kifi da sauran wuta a jikinsa, wani ƙato mai jar riga ya taka masa hannun dama a kan siminti ya murza da takalmi. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Baba bai yi kuka ba, bai kare kansa ba, ya kwanta kawai ya bar musu jikinsa.

Duk wannan ina zaune a kujerar tsakiya. Sai da na ji ɗaci a harshena na gane na tauna biron ya fashe, tawada ta cika mini baki. Na tofar, na ɗauki kujerar na maka wa mai jar rigar a kai har ƙafarta ta karye. Na zagi uwar kowa a wurin. Wani ya ba ni gora a baki, haƙorina na gaba ya fita, na faɗi a kan Baba, duka ya koma kaina. 'Yar Filaton nan ce ta cece mu. Ta cire takalmanta ta kutsa tsakiya ta tsaya a kanmu, tana ihu da Hausa da Turanci cewa babanta ne, duk mai son taɓa shi ya fara kashe ta. Hajiya kuma ta ɗauki jakar ta zazzage a gaban kowa. Huluna ne wankakku, wajen talatin, suka gangara cikin jini da ruwan kifi.

An yi wa Dakta ɗinki goma sha wani abu a wani ƙaramin asibiti. A can na gaya musu ko wane ne Baba, ina magana iska na fita ta gurbin haƙorina. Dakta ya daɗe yana kallona da idon da bai kumbura ba. Ya hana a kira 'yan sanda. Ya ce in kai masa gaisuwa wurin tsohon in roƙe shi ya yafe masa, bai sani ba. Ni kuwa har yau ba ya amsa sallamata. Hajiya ta ce labarin ya cancanci shiga littafin tunda dai biron fashewa ya yi, ba cirewa na yi ba. Na ce mata ta cire shi, da wata kalma da ba a faɗa wa sa'ar uwa.

Sai da na yi kwana tara kafin na iya zuwa Kuchigoro. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ɗakinsa, kwano ne da buhunan siminti. Yana zaune a kan tabarma, mai ɗori ya ɗaure masa hannun da karare, yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Wannan ne hannun da yake riƙe buroshi da shi in yana aiki. Matarsa ta shimfiɗa mini buhu, siririyar tsohuwa mai fara'a, tana ta yi mini sannu da zuwa. Ya ce mata ta je ta samo wa baƙo ruwan sanyi a bakin titi. Sai da ƙarar takalminta ta ɓace ya dube ni. Ya ce ya gaya mata mashin ne ya buge shi.

Na fara jero abin da na shirya a hanya. Na ce na yi kuskure, na ce na yaga labarin, na ce Dakta ya aiko a ba shi haƙuri domin bai san da mutum a bayan takardar ba.

"Haƙurin me?" in ji Baba. "Malamin nan gaskiya ta faɗa. Abin da ta faɗa, ni ma shi nake faɗa wa kaina kullum in na tashi. Don gaskiya ne na buge shi."

Na ce ba haka ba ne, na ce ko ya tashi su biyu za a yanka. Ya girgiza kai kamar mai korar ƙuda.

"Shi bai san ni ba, Oga. Kai ne ban san me na yi maka ba."

Muna nan zaune matar ta dawo da ruwan leda guda biyu a faranti, ta durƙusa ta ajiye a gabana, ta tambayi mijinta wane ne baƙon, don ta san irin godiyar da za ta yi. Baba ya jawo jakar da hannun hagu, ya lalubo hulunana guda biyu ya miƙo mini.

"Mai hula ne," ya ce mata. "Ya zo karɓar kayansa."