Langar Mama ta koma Samaru

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Mama Ladi ta unguwar Muchia, kuma bana da haushi nake tuna ta. Ba ita nake jin haushi ba, 'ya'yan da ta bari ne.

Mama tana da wata tsohuwar langa mai shuɗin murfi, ita da aminiyarta Hajiya Asabe. Maƙwabta ne tun suna amare, kafin Hajiya ta koma Samaru. Ranar Sallah langar za ta iso gidanmu cike da waina da nama, ta zauna har Kirsimeti, sannan ta koma da shinkafa da kaza. Kazar ma Mama ba ta yarda a yanka sai ta aika an kira Musulmi, don Hajiya ta ci hankali kwance. Har yau ba wanda ya san ainihin mai langar. In an tambaye su, dariya kawai suke yi.

Kada ku ɗauka bakinsu ɗaya ne. Ina! Ba su taɓa zaɓen mutum ɗaya ba. Na sha jin su suna musu har murya ta dishe, kan siyasa, kan maza, kan ko soyayya ce ke riƙe aure ko haƙuri. Hajiya ta ce haƙuri, Mama ta ce haƙurin da ba so a cikinsa ciwo ne. Su rabu kowa na huci, Sallah na zuwa sai ga langa.

Bayan rasuwar Mama, yayana Bulus ya ci gaba da kaiwa, har zaɓen da ya wuce. Shi da Nasiru, ɗan Hajiya, suka zagi juna a waya kan 'yan takara. Bulus ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka Samaru ba. Kirsimeti biyu langar tana gidansa, matarsa na zuba albasa a ciki. Albasa, jama'a! Su kuwa waɗanda aka yi faɗan dominsu, yanzu jam'iyyarsu ɗaya, kullum ana nuna su suna rungume da juna.

Da Mama na nan, na san ba wa'azi za ta yi ba. Kunnen Bulus za ta kama, da furfurarsa da komai, ta sa shi a mota.

Hajiya ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma ba wanda ya faɗa mata dalili. Abin da ta sani kawai, gidan Ladi sun daina aiko mata. Wannan ne ya hana ni sukuni. Satin nan na je gidan Bulus, na juye albasarsu a tire, na sa wani Malam mai nama a unguwar PZ ya yanka kaza, na dafa, na hau mota.

Da na ajiye langar a gaban Hajiya, ta laluba murfin har yatsanta ya sami inda fentin ya ɓare. Sai ta ce da ni:

"Saratu, ai na ɗauka da Ladi kuka binne ta."



Mama ba ta bar mana gida ko fili ba. Abin da ta bari shi ne sanin cewa za ka iya ƙin ra'ayin mutum, ka kuma ciyar da shi. Bulus, na san kana karanta jaridar nan. Hajiya ta ce ranar Sallah ba za ta ba kowa langar ba sai kai, hannu da hannu. Ta ce za ta jira, amma ka tuna da shekarunta.