A Rubuta Goggo Kotu

"Ka rubuta gaskiya, Yaya! Hannunka ne zai hau takardar nan, ba na dillali ba."

"Rufe min baki, Auta. Wace gaskiya? Tsohuwa ce mai surutu, shi ke nan."

Goggo ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Bangon da ya raba ɗakinta da falon maƙwabta danshi ya gama cinye shi, ko tari aka yi sai ya ratso. Ta san muryoyin. 'Ya'yan marigayi Direba ne, babban ɗansa da autarsa, tun safe suke haɗa takardun sayar da gidan ubansu.

Ta ji duk lissafinsu. Shaidar mallaka ta fito, taswirar fili ta fito, izinin ginin ɗakin sama ma an tono shi daga ƙasan akwati. Abin da ya rage ita ce doguwar takardar tambayoyin da doka ta ce sai mai gida ya cika kafin a tallata gidansa: ko rufi yana yoyo, ko bango ya tsage, ko akwai rigima da maƙwabta.

Auta ta ɗaga murya tana karantawa. "Ko an taɓa samun saɓani da maƙwabci kan iyaka, ko ruwa, ko hayaniya? Ka ji? Ruwa! Kamar da Goggo aka zauna aka rubuta."

"Sa a'a."

"Lauya ya ce in mai saye ya gano daga baya, mu zai maka a kotu."

"Wa zai gaya masa? Namu ɓangaren na shafe shi da fenti. Yanzu zan shiga in durƙusa mata, in ce ta yafe wa mamaci. Akwai wanda ke ƙin yafe wa mamaci? In ta ce da bakinta babu komai, magana ta mutu."

Goggo ta juya. Ta dubi bangon. Ga baƙin tabon nan ya yi fuka-fuki daga sama har bayan kabad, siminti yana zubowa kamar gari. Wato wannan ne babu komai.

Tela ce tun ƙuruciya, kuma a ɗakin nan idonta ya tsufa a kan allura. Mijinta ya rasu da daɗewa. 'Ya'yanta sun watse garuruwa, gaisuwarsu ta waya ce, tana ƙarewa tun kafin ta gama amsawa. Shekarar da Direba ya ɗora banɗaki a sama, bututunsa ya bi ta cikin bangon da suka haɗa, ya fara tsiyaya. Yadin amaryar wata mata ne ya fara yin funfuna a kabad ɗinta. Ta ɗauke shi ta kai masa har ƙofa.

"Bangonki ne ke gumi," in ji Direba. "Zafin bakinki ya yi masa yawa."

"Sai mun haɗu a kotu!"

Ta yi ta faɗin haka har layin gaba ɗaya ya raɗa mata Goggo Kotu, alhali ko ƙofar kotu ba ta san launinta ba. Kullum da safe, kafin ta zare zare, sai ta doki bangon da bayan almakashi. Shi kuma ya rama da sandarsa. Daga nan a leƙo ta taga a gaisa da baƙar magana, kowa ya kama harkarsa da ƙarfin jiki.

Akwai abin da ba ta son tunawa. Ɗan ƙanwarta mai gyaran famfo ne, ya taɓa cewa zai gyara mata kyauta, ta kore shi. Wai wanda ya ɓata shi zai gyara. Direba ma ya sayi sabon bututu, ya jingine shi a tsakar gida har rana ta ƙone shi. Da an gyara, wa zai ƙara bugo mata bango? Wa zai san ta tashi?

Ranar da ta doka ba a rama ba, ta sake dokawa, ta kuma dokawa. Ita ta fita ba takalmi ta tara mutane aka ɓalle ƙofa, aka same shi a yashe bakin banɗaki, rai ya yi halinsa. Wannan Yayan mai shafa fenti, sai da aka yi ta neman lambarsa wajen mutane.

Yanzu kuma za a sa mata kalma ɗaya a takarda, a'a, a share ta kamar ƙura. Baƙo ya shigo ya ce shi bai san da wani bututu ba, ba a gaya masa ba, ga shaida a rubuce. Bango ya rufto wa kekenta, babu wanda za ta riƙe.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Yaya ne, da ledar lemu a hannu da murmushin da bai kai zuci ba. Warin sabon fenti yana binsa. Auta tana bayansa, ta rungume takardu, ta sunkuyar da kai.

"Goggonmu ta kanmu!" Ya durƙusa a bakin ƙofa, yana tattare wando kada ya taɓa ƙasa. "Kin san Baba ya tafi. Mun zo ne a yafi juna. Ɗan abin da ya shiga tsakaninku, ai zaman tare ne."

"Ɗan abu," in ji Goggo.

"In masu duba gida sun tambaye ki, ki ce lafiya lau muka zauna. Ke uwa ce."

"Yau na zama uwa? Da can da kake wucewa ta ƙofar nan kana danna waya, kakar wa ce ni?"

"Haba, Goggo…"

"Tashi, kada wandonka ya ɓaci."

Ta matsa gefe ta wangale ƙofar, yadda baƙin tabon zai dube su ido da ido. Yaya ya kau da kai. Auta ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta zaro biro daga jaka.

Goggo ta tura masa ledar lemunsa da ƙafa, ta dafa ƙyauren.

"Auta, rubuta. Akwai rigima, kan ruwa ce, kuma mai rigimar tana nan da ranta, da sassafe take tashi. In kun gyara bututun, ku ƙara a ƙasa cewa an gyara, ni ma zan shaida. Amma kada wanda ya goge ni." Ta juyo kan Yaya. "Ubanku na yafe masa tun safiyar da ya daina rama min. Kai ne ban fara da kai ba tukuna."