Injin da Na Kai Tashlih

Abu ɗaya nake so a ce ban aikata ba a rayuwar gareji: cire injin wata 'yar motar Ingila mai kujera biyu.

Wani dattijo ne daga unguwar Abhur ya kawo ta garejina a unguwar Hindawiyya, tana tari. Kafiretocinta biyu ne, kuma sai an daidaita su da kunne. Ban iya ba, na kuma ji kunyar faɗa. Sai na ce masa injin ya mutu. Na saka mata na Japan, na kai nata tashlih, inda ake farfasa tsofaffin motoci.

Da ya zo ɗauka, ya tayar da ita, ya saurara, ya kashe.

"Ya usta, ina muryarta?" ya tambaye ni, da laƙabin da ake kiran makaniki da shi a nan.

Ya ajiye makullin a kan kujera ya tafi. Har ya rasu bai sake waiwayarta ba, magadansa kuma suka bar mini ita.

Yanzu 'ya'yana suna cewa, "Halas, ya isa haka, Baba, a fitar da wannan gwangwanin." Ba inda za ta je. Na samo inji irin nata, kuma da furfurata nake koyon kafiretocin, bututun roba a kunne ina sauraron numfashinsu. Masu dariya su yi ta yi. Sai ta yi kukanta na asali zan rufe garejin.

Ku masu riƙe da sifana, don Allah, in abu ya gagare ku, ku ce ya gagare ku. Kada ku yi wa lafiyayyen inji ƙaryar mutuwa.