Fuensanta da Reshen Sata

Fuensanta taubashiyata ce, 'yar kawuna. Duk birninmu Kordoba ba mai tukwanen fure kamarta. Sun rufe bangon tsakar gidanta, ƙadangare ma sai ya nemi izini kafin ya wuce. Da gwangwani ɗaure a bakin doguwar gora take shayar da na sama, tana yi wa kowanne faɗa da sunansa.

Shekarar da aka yi mini aiki a gwiwa, likita ya ce in ban riƙa tafiya ba ƙafar za ta sandare. Ni kuwa na auri kujera. Sai ga Fuensanta.

"Eulogio, ragon dangi, tashi. Reshen jan furen Gwaggo Araceli nake so."

"Ki roƙe ta mana, uwar tukwane."

"Kai ma ka sani, reshen kyauta ba ya kamawa, sai na sata. Kuma wa zai zargi gurgu?"

Haka na dogara sanda na ratsa tsohuwar unguwar Yahudawa, lungunan da in ka ƙoshi ba ka wucewa. Gwaggo Araceli ta juya tana neman kyanwarta, na karya reshe na cusa a aljihu.

Bayan wannan Fuensanta ta aike ni bayan tsohon masallaci, na huta ƙarƙashin itatuwan lemon harabarsa. Sai unguwar San Basilio. Kullum gidan ya fi na jiya nisa, kullum matar gidan sai ta tuna ta bar girki a wuta. Na fara jin kaina gawurtaccen ɓarawo. A garin nan aka haife ni, amma sai wajen sata na ga rabinsa.

Ranar da na haye gadar Rumawa, tsohuwar gidan da aka aike ni ta yi ta kallon sama har ta gaji.

"Ɗan nan, karya ka tafi mana, wuyana ya ƙage. Fuensanta ta ce ba ka daɗewa."

Na dawo ina huci. Fuensanta na shayar da furanni, ko juyowa ba ta yi ba.

"Makira! Da tsofaffin garin nan duka kika haɗa baki?"

"Ina sandarka?"

Na dubi hannuna. Ashe na baro ta a ƙetaren kogi.

Rassan kuwa rabinsu sun bushe, ta ce laifina ne, ban iya sata ba. Har yau ni ke cika mata gwangwani. In ta kira ni rago, sai in ce na gode, ta ɗauka tsiya nake yi.