Kwalaben da Gwaggo Ta Ba Ƙanwata

A shekarun da kaya suka yi tsada, har sabulu da sukari sai an bi layi, tumatirin gwangwani ya gagari irinmu. Abin takaicin, mu ne masu noman tumatirin. Maigidana yana da ɗan lambu a fadamar bayan ƙauyenmu, tsakanin Kunci da Shanono. Da rani ya tsaya kowa sai ya ɗebo nasa lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, a rasa mai saye. Mu mata sai mu yayyanka mu shanya a kan soro, ya zama kauɗa. Kauɗa tana rufa asiri, amma miyarta baƙa ce, kuma duk wankin da kika yi mata sai kin ji ƙasa a haƙori.

Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a Rijiyar Zaki, ta taɓa yi wa iyalin wani malamin jami'a girki. A can ta koyi adana tumatir a kwalba. Wata shekara ta zo ganin gida daidai lokacin da tumatir ya yi yawa, ta tara ni da ƙanwata a tsakar gidan Inna ta nuna mana. A markaɗa, a dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a zuba a kwalba da zafinsa, a ɗaure murfi, sannan a shimfiɗa tsumma a gindin tukunya a jera kwalaben a ruwa a yi ta tafasa su. Ta ce in murfin ya kama, har damina ta wuce ba abin da zai same shi.

Ni ce na hura wutar ranar, ni ce na yi juyi har hannuna ya sage. Ƙanwata tana zaune kusa da Gwaggo tana yi mata fifita suna hira. Ita amarya ce a lokacin, gidanta yana ƙauyen da ke gaba da namu, gonaki ne kawai a tsakani.

Da aka gama, Gwaggo ta jawo jakarta ta fito da kwalabe guda shida, kowace an naɗe ta a tsohon zane. Ban taɓa ganin irinsu ba. Masu faɗin baki ne, gilashin da kauri, murfin ma na gilashi, da zoben roba ja a bakin, da wani ƙarfe da ake dannawa ya ƙulle. Matar malamin ce ta bar mata su da za su tashi.

Gwaggo ta tura su gaban ƙanwata ta ce, "Ungo, 'yar gidana. Ki ƙara a kayan ɗaki."

Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuwa ai kin iya nema. Kowace kwalba ma ta yi, in dai murfinta da kyau."

Na ce, "Haka ne, Gwaggo." Na taya ƙanwata godiya, har na taya ta mayar da su cikin zanen. Tun muna yara Gwaggo ta ɗauke ta a matsayin 'yar ɗakinta, kowa ya sani, ban taɓa damuwa ba sai ranar. Tumatir a gidana yake ruɓewa. Mijin ƙanwata tela ne, ko kwando ɗaya ba ya nomawa.

Da yake ba na zuwa kasuwa, maigidana na roƙa ya nemo mini kwalabe. Ranar kasuwa ya dawo da buhu yana ƙara, yana murmushin ya yi abin kirki. Na zazzage. Kwalaben maganin tari ne masu siririn wuya, da na turare, da wata da aka taɓa zuba kananzir a ciki. Masu faɗin bakin kaɗan ne, murafensu duk tsatsa.

"Malam, ta ina tumatir zai shiga nan?"

"Ba kwalba kika ce ba?"

Na zaɓi waɗanda suka fi dama-dama, na wanke da toka da ruwan zafi, na yi yadda Gwaggo ta nuna. Ba a yi nisa ba murafen suka kumbura. Na buɗe ɗaya, kumfa ta taso, tsami ya cika ɗakin. Wata kuma fumfuna ta yi mata fari fat a sama. Na kwashe na zubar a bayan gida tun kafin matan gidan su gani, ina zubarwa ina tuna jan zoben robar nan.

Asarar ce ta koya mini zaɓe. Na gane sai na shafa bakin kwalba da yatsa, in na ji ɗan ɓalli ko tsaga, ba ta yi ba. Na gane murfin ƙarfe mai farin shafe kamar roba daga ciki shi ne mai kamawa, mai kwali a ciki kuwa ruwan zafi yana taɓa shi ya lalace. Nakan cika kwalba da ruwa in ɗaure in kifa ta a kan busasshen faranti, in je in yi wani aiki in dawo. In na ga danshi, ta koma ta gishiri ko kanwa. Nakan kuma shinshina, don wani warin ko an tafasa ba ya fita. Na kwatanta wa maigidana duk wannan, har ya gano wani mai shayi a bakin titi da yake tara kwalaben man da ake shafa wa burodi. Su ne suka fi dacewa. Sai dai mai shayin ba ya ƙarar da kwalba da wuri a wannan tsadar, ga masu zuma da masu man shanu su ma suna nema. Sai a daɗe kafin a samo mini ɗaya.

Ranar da na fara ganin murfi ya lotsa ciki bayan kwalba ta huce, alamar ya kama, na ji daɗi sosai. Na ɗauki mayafi na bi ta gonaki zuwa gidan ƙanwata, wai in ga yadda nata ya yi. Na shiga ɗakinta na tarar da kwalaben shida a jere a saman kabad, tsakanin kwanukan jerenta, an goge su suna ƙyalli. Ba komai a cikinsu.

"Ba ki zuba komai ba?"

"Yaya, tsoro nake ji kada su fashe a tukunya. Kuma sun yi wa ɗakin kyau, ko ba ki gani ba?"

Na gani. Da ta cika su ta fi ni, da sauƙi a raina. Na zauna a bakin gado ina amsa hira, idona yana kan kabad. Sai da na tashi tafiya na daure na ce ta ara mini, in damina ta wuce in dawo mata da su.

Ta ce, "In Gwaggo ta zo ba ta gan su ba fa?"

"Sai ki ce suna wurina."

"To ɗauki biyu. Amma don Allah, Yaya, ki kula da robar."

Na goya su a zane kamar jarirai na kawo gida. Ban taɓa aiki da abu mai daɗin sha'ani irinsu ba. Ka danna ƙarfen ka ji ya ce ƙas, shi ke nan. Na zaɓi tumatir mafi ja na lambun, na haɗa da tattasai, na cika su. Na ajiye su a lungun gado tare da nawa na mai shayi, kuma kullum na leƙa, nawa sai su yi mini kama da 'yan aiki a gefen matan gida.

Da damina ta sauka tumatir ya ɓace a kasuwa, gidana ne kaɗai ake miya ja a unguwar. Nawa na buɗe ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu sun yi kyau. Biyun nan na kasa taɓa su. Ana cikin haka ƙanwata ta haihu. Na rasa abin da zan kai mata na barka da zai fita kunya a wannan shekarar, sai na ce bari in mayar mata da kwalabenta a cike, ta yi miyar suna. Ta karɓa da murna, ta rungume ni. Amma ba ta buɗe ba. Da kauɗa aka yi miyar sunan, kwalaben kuma ta mayar da su saman kabad, jajaye biyu a tsakiyar farare huɗu.

Ranar suna ɗakin ya cika da mata. Gwaggo ma ta zo. Tana shiga ta ɗaga kai ta gan su, ta sa aka sauko mata da ɗaya, ta juya ta a hannu, ta ɗaga ta a hasken ƙofa.

"Kun ga aikin 'yar gidana? Ko kumfa ɗaya babu. Na san hannun da na ba."

Mata suka yi ta karɓa suna dubawa suna sa albarka. Ƙanwata tana kan gado da jaririya a cinya. Ta dube ni, na dube ta, ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar hula. Na jira ta yi magana, ba ta yi ba. Ni ma ban ce komai ba, don ranar farin cikinta ce, kuma in na buɗe baki a gaban surukanta baƙina za a gani. Na fita tsakar gida na kama rabon tuwo.

Da yamma ƙanwata ta rako ni har zaure, ta riƙe mini gefen mayafi ta ce a hankali, "Yaya, in rani ya zo ki ɗauki sauran huɗun ma."

Na ce mata to. Da rani ya zo ban aika ba, ita ma ba ta aiko ba. A shekarar ne mai shayin ya haɗa maigidana da wani ɗan'uwansa mai sayar da abinci a tasha, kwalabe suka ɗan samu, har na fara cika wa maƙwabta nasu in sun kawo tumatir da itace.